Ɗan gida da ɗan riƙo: rigimar asali da daula ta bar wa Birtaniya

Duk mai bin labaran rediyo ya saba jin ana cewa "ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila". Kunne ya saba da sunan har ya daina tsayawa a kansa, alhali kalmomi biyu na cikinsa kowacce da rigimarta. Ɗauki raino tukuna. Raino aikin uwa ne ko yaya ko kaka: a goya yaro, a ba shi koko, a share masa majina. Ba haka aka yi wa Kano ba a watan Fabrairun 1903 da igwar sojojin Lugga ta fasa ƙofar ganuwa, ba kuma haka aka yi a Burmi ba bayan wata biyar, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa. Amma sunan ya zauna, kuma ya yi daidai da yadda masu mulkin suke so a riƙa tunawa da su.

Sai kalmar Ingila. A bakinmu Ingila da Birtaniya duk ɗaya ne, kamar yadda Bature Bature ne ko daga ina ya fito. To ka je Gilasgo, birni a Sikotilan, ka kira mutum ɗan Ingila, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Birtaniya haɗaka ce ta al'ummomi huɗu, Ingila da Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa, kuma sunan "ɗan Birtaniya" bai kai tsufan da ake zato ba. A cikin daula ya girma, daula ce ta cika shi da ma'ana. Shi ya sa tun da daular ta watse, har yau ba su gama tantance wanda sunan ya hau kansa ba.

Wels tun ƙarni na 16 Ingila ta haɗiye ta. Sikotilan kuwa tana da majalisarta har 1707, kuma babban abin da ya ja ta cikin auren hasara ce. A ƙarshen shekarun 1690 manyanta da ƙananta suka zuba dukiya a wani shiri na kafa nasu yankin mallaka a Dariyen, cikin Panama ta yau. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sifaniya suka gama da shirin, kuɗin jama'a suka narke. Da aka zo ƙulla yarjejeniyar haɗewa, Landan ta biya kusan fam 400,000, wani kaso ya tafi ga waɗanda suka yi asara a Dariyen, sannan aka buɗe wa 'yan Sikotilan kasuwannin ƙasashen da Ingila ke riƙe da su. Sadakin ke nan. Daga nan Gilasgo ta yi ƙiba da taba da sukarin da bayi ke nomawa a Amurka da tsibiran Karebiyan, samarin tsaunuka suka cika rundunonin soja, masu ilimi suka bazu duniya suna aikin likita da akawu da mishan.

Mu ma mun ga rabonmu. Matafiyin nan Mungo Park da ya mutu a kogin Kwara wajen Busa a 1806 ɗan Sikotilan ne. Haka Clapperton da ya sauka wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya dawo ya rasu a Sakkwato a 1827. Haka Mary Slessor, 'yar mishan ta Kalaba. A gida kowannensu na riƙe da cocinsa da lafazinsa da tsohuwar gabarsa da maƙwabci. Sai an fito waje, a Kalkata ko Nairobi ko Zungeru, inda suke 'yan ƙalilan a tsakiyar dubban mutanen da suke mulka, sannan ɗan Ingila da ɗan Sikotilan da ɗan Ailan ke zama tsintsiya ɗaya.

Maɗaurin tsintsiyar ya kwance cikin shekaru kaɗan. Indiya da Pakistan suka tafi a 1947. A 1956 Birtaniya ta kai wa Masar hari kan mashigin Suwez, Amurka ta matse ta ta fuskar kuɗi, ta janye da kunya. Ghana 1957, Najeriya 1960, sauran suka bi sahu. A 1962 wani tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, Dean Acheson, ya ce Birtaniya ta rasa daula, ba ta kuma samu gurbin tsayawa ba tukuna. Sun ji zafin maganar don ta taɓa ciwo. Shekara biyar bayan haka jam'iyyar masu son Sikotilan ta ɓalle ta ci wata kujerar majalisa da ta girgiza Landan. A 1999 Sikotilan ta sake samun majalisarta, a 2014 kashi 45 cikin 100 na masu zaɓenta suka ce a raba auren. Akwai wasu dalilai, man fetur na Tekun Arewa, rufewar masana'antu, ƙin jinin da suka yi wa Firaminista Thatcher, raguwar zuwa coci. Amma kasuwar da aka ƙulla auren dominta ta riga ta tashi.

Wannan rabin labarin ne, rabin da ya shafe su tsakaninsu. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi a ganina, yana cikin fasfo.

Shekaru aru-aru ƙa'idar mai sauƙi ce: duk wanda aka haifa a ƙasar da Sarkin Ingila ke mulki, talakan Sarki ne. A 1946 Kanada ta yi tata dokar zama ɗan ƙasa, sai Landan ta ji tsoron kowa zai kama gabansa zaren ya tsinke. Gwamnatin Firaminista Attlee ta yi dokar 1948 wadda ta ƙirƙiro matsayi guda ga mutumin Landan da mutumin Jamaika da mutumin Hong Kong, ɗan ƙasar Birtaniya da yankunan mallakarta, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga mutanen ƙasashen Kwamanwel, wato ƙungiyar nan ta rainon Ingila, masu cin gashin kansu. Ana ƙiyasta waɗanda doka ta ba damar shiga Birtaniya su zauna su yi aiki da mutum miliyan 800. Riga ce mai faɗin gaske, an ɗinka ta don a nuna wa duniya daula na nan da ranta. Masu ɗinkin suna tunanin Turawan Ostireliya da Kanada ne za su riƙa zirga-zirga. Ba su kawo wa ransu cewa ɗan Kingston ta Jamaika zai saka ta ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Ko a cikin rigar ma akwai aljihu-aljihu, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriyar da aka haɗe a 1914 gida biyu ce a idon doka. Legas mallakar Sarki ce, sauran ƙasar kuwa, har da dukan Arewa, yanki ne da ake cewa yana ƙarƙashin kariya. Saboda haka wanda aka haifa a tsibirin Ikko a 1950 ɗan ƙasa ne a ƙarƙashin dokar 1948, wanda aka haifa a Kano ko Katsina a rana ɗaya kuwa "mutumin da ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya" ne kawai. Haraji ake karɓa a ƙarƙashin Sarki ɗaya, amma wani ɗan gida ne a takarda, wani ɗan riƙo.

Ana cikin muhawarar dokar ne jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke fasinjoji a tashar Tilbury ranar 22 ga Yunin 1948. Wajen mutum 800 daga cikinsu daga Karebiyan suka taso, da yawa tsofaffin sojojin yaƙin Hitila ne. A makaranta an koya musu sunayen sarakunan Ingila da kogunanta, sun rera taken Sarki, suna kiran Birtaniya uwa. A ranar da suka sauka 'yan majalisa 11 na jam'iyyar Leba suka rubuta wa Attlee wasiƙar koke kan shigowar baƙaƙe. Mako biyu bayan haka aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba tare da nas-nas da likitocin tsofaffin ƙasashen mallaka ba, tun daga 'yan Jamaika da Indiya na wancan lokaci har 'yan Najeriya na yau. Hukumar sufurin Landan har ofis ta buɗe a Barbados a 1956 tana ɗaukar direbobi da kwandastoci. Ana son hannunsu, ba a son maƙwabtaka da su. Masu gidajen haya suna kafa takarda a taga cewa ba a ba baƙar fata, a 1958 kuma samarin Turawa suka far wa unguwar Notting Hill.

Sai aka fara rage rigar. Dokar 1962 ta ce sai da takardar izinin aiki. Ta 1968 ita ce ta fi tona asiri. Indiyawan Kenya, waɗanda Turawa ne suka kawo kakanninsu aikin layin dogo da kasuwanci, da yawansu sun zaɓi riƙe fasfon Birtaniya lokacin da Kenya ta samu 'yanci, bisa alkawarin da aka yi musu. Da gwamnatin Kenyatta ta fara ƙuntata musu suka nufi Landan, sai majalisa ta yi doka cikin kwana uku ta rufe ƙofa. Mutum yana riƙe da fasfon ƙasa, ba shi da wata ƙasar, amma ba zai shiga ƙasar da ta ba shi fasfon ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a 1973 wariyar launin fata ce. A watan Afrilun shekarar ta 1968 ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na Birmingham yana hasashen zubar da jini in baƙi suka ci gaba da shigowa. Shugaban jam'iyyarsa ya kore shi daga muƙami washegari, amma 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka yi maci suna goyon bayansa.

Dokar 1971 ta zo da dabara. Ko sau ɗaya ba ta ambaci launi ba. Cewa ta yi mai haƙƙin zama shi ne wanda ke da jijiya a tsibirin, wato shi ko ɗaya daga iyayensa can aka haife su, ga wasu kuma ko kaka ya isa a sassauta. Kowa ya san wa ke da kaka haifaffen Liverpool da wanda ba shi da shi. Har gobe akwai bizar shekara biyar da ake ba ɗan Kwamanwel in kakansa haifaffen Birtaniya ne, kuma a rubuce ɗan Najeriya da ɗan Niyu Zilan daidai suke a gabanta. Dokar 1981 ta ƙarasa aikin: daga 1983 haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mai da jariri ɗan ƙasa.

A cikin dokar 1971 akwai wani layi da ya kwanta shekara 40 kafin ya tashi da cizo. Ta ce duk ɗan Kwamanwel da ya riga ya zauna kafin 1 ga Janairun 1973 yana da izinin zama har abada. Sai dai ba a ba su wata takarda ba, ba a kuma ajiye rajistarsu ba. Me za su yi da takarda? Da yawa a fasfon iyayensu suka shigo suna yara, a matsayin 'yan ƙasa. A 2012 Theresa May, tana ministar cikin gida, ta ce burinta a ƙuntata wa masu zaman da ba izini har zama ya gagare su. Dokokin 2014 da 2016 suka mai da mai gidan haya da mai ɗaukar aiki da ma'aikacin banki 'yan sandan shige da fice: kowa ya ga takarda kafin ya ba ka ɗaki ko aiki ko asusu. Katunan sauka da za su iya zama shaida kuwa, ma'aikatar cikin gida da kanta ta lalata su a 2010.

Ga yadda abin ya kasance a jikin mutum guda. Wata yarinya ta zo daga Jamaika a 1968 tana da shekara 10. Ta yi makaranta, ta haihu, ta yi jika, ta yi aikin girki shekara da shekaru, har a ɗakin cin abincin majalisar dokoki ta ciyar da 'yan majalisa. A 2015 wasiƙa ta zo mata cewa ba ta da izinin zama, aka yanke mata tallafi. A 2017 aka tsare ta mako guda a gidan tsare baƙi, aka kai ta wajen filin jirgin Heathrow za a mai da ta ƙasar da rabonta da ita kusan shekara 50. Da ƙyar 'yar majalisar mazaɓarta ta tsayar da tafiyar. Irinta ana ce musu su kawo shaida har huɗu kan kowace shekara da suka yi a ƙasar. Ka tambayi kanka ko za ka iya kawo takarda huɗu da ke nuna inda kake a 1987. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wani aka ce ya biya kuɗin maganin ciwon daji alhali ya shekara fiye da 30 yana biyan haraji. Gwamnati ta amsa cewa aƙalla mutum 83 an fitar da su bisa kuskure. 'Yar jarida Amelia Gentleman ta jaridar Guardian ta yi ta bin labaran ɗaya bayan ɗaya har abin ya fashe a 2018, ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka. Dattijuwar nan ta rasu a 2020.

Abin da ya fi jan hankalina a rahoton binciken wannan badaƙala da Wendy Williams ta fitar a 2020 shi ne batun jahilci. Ma'aikatan da ke yanke hukunci ba su san tarihin daular ƙasarsu ba. Matashin da ke zaune gaban kwamfuta a ofis bai san an taɓa yin lokacin da ɗan Jamaika da shi matsayinsu ɗaya a doka ba, don haka da ya ga "haifaffen Kingston" baƙo ya gani. Ma'aikatar ta sa wani masanin tarihi ya rubuta mata asalin matsalar, ya kammala da cewa dokokin shige da fice na 1950 zuwa 1981 an tsara su, ko da a wani ɓangare, don rage yawan waɗanda ba farare ba. Sai ta ɓoye rahoton, ba ta sake shi ba sai 2024 da kotu ta tilasta mata.

Mantuwar nan ba daga sama ta faɗo ba. Faransa ta yi yaƙin Aljeriya a bakin ƙofarta, har ya kayar da jamhuriya guda. Birtaniya kuwa mafi yawan ɓarnarta a nesa aka yi, aka kuma share sawu. Duk ƙasar da za a ba 'yanci, sai jami'ai su tace takardu: wasu a miƙa wa sabuwar gwamnati, wasu a ƙone, wasu a sa a akwati mai nauyi a jefa teku, wasu a kwashe zuwa gida. Shekara da shekaru ana musun akwai su. Sai a 2011, da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya, waɗanda suka yi wa Turawa tawaye, suka kai ƙara Landan kan azabar da aka gana musu a sansanoni, gwamnati ta amsa cewa tana da fayil kusan 8,800 daga tsofaffin yankuna 37 a wani gida mai tsaro a Hanslope Park. Akwai na Najeriya a ciki. Abin da ya rage wa talakan Ingila shi ne hoton bikin sauke tuta: ɗan sarauta ya zo, an yi fareti, an yi musafaha, kowa ya tafi lafiya.

A gurbin da daula ta bari sai aka kafa labari biyu da ake shayar da yara. Na farko 1940, ƙaramin tsibiri ya tsaya shi kaɗai gaban Hitila. Tsayuwar gaskiya ce, kaɗaicin ne ke da gyara. Sojan Indiya kaɗai ya kai mutum miliyan biyu da rabi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama, da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce harshen bariki. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je Bama. Lambobinsa na cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, ƙyallensu ya koɗe. In ya ga dama ya fito da su, ya nuna mana kan Sarki Joji a jikin ɗaya, ya ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku masu shan jini. In muka ce, "Baba, me aka ba ku da kuka dawo?" sai ya yi dariya ya rufe gwangwanin. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, galibi 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, alhali kowane Bature da dutsensa. Ministan tsaro ya ba da haƙuri a majalisa.

Labari na biyu hana cinikin bayi ne. Shi ma gaskiya ne: an haramta cinikin a 1807, an soke bautar a 1833, jiragen yaƙinsu sun yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna tare jiragen bayi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kafin nan jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan uku, kuma da aka zo 'yantawa iyayen gijin aka biya diyya. Fam miliyan 20, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Bayin su wajen 800,000 ko kwabo ba su samu ba, sai ma aka ɗora musu wasu shekaru na aikin dole. Bashin da aka ci don biyan diyyar, baitulmalin ƙasar da kanta ta ce sai 2015 aka gama da shi, wato jikokin bayin da ke aiki a Landan sun sa hannu a biya da harajinsu. A nan kam ya kamata mu ma mu sassauta murya. Daular Usmaniyya cike take da bayi a rinji da gandu lokacin da Turawa suka zo, kuma bauta ba ta ƙare a doka ba a Arewa sai 1936. Lugga ya yi amfani da hakan a matsayin hujjar yaƙi, sannan ya ja ƙafa wajen 'yantawa don kada ya ɓata da sarakuna. Mu ma ba mu cika son a tono wannan ba.

Da wannan kaɗai ne labarin, da sai a ce wariya ce kurum a rufe littafi. Amma ƙasar da ta tsare dattijuwar nan ita ce ta naɗa Rishi Sunak firaminista a 2022, ɗan Indiyawan Afirka ta Gabas ɗin nan da aka rufe wa 'yan'uwansu ƙofa a 1968. Sadiq Khan, ɗan direban bas daga Pakistan, yana riƙe da Landan tun 2016. Humza Yousaf ya shugabanci Sikotilan a 2023. Babu wata ƙasar Turai da ta yi mulkin mallaka da za ta nuna irin wannan jeri. Kemi Badenoch, wadda ta girma a Legas, ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a 2024, tana kuma cewa kuskure ne a danganta arzikin Birtaniya da mulkin mallaka. An haife ta a Wimbledon a Janairun 1980, iyayenta suka koma da ita gida. Da bayan shekara uku aka haife ta a irin wannan hali, da haihuwar ba ta ba ta fasfo ba. Kuma sau da yawa 'ya'yan baƙin nan su ne suka fi tsanani kan baƙi in sun hau kujera, kamar mai son nuna wa 'yan gida cewa shi ba agola ba ne.

Akwai wani abin mamaki a ƙidayar jama'a. A ta 2011, mafi yawan fararen Ingila da aka tambaye su asalinsu "ɗan Ingila" suka zaɓa, 'ya'yan Pakistan da Bangladesh da Afirka kuwa suka fi rungumar "ɗan Birtaniya". Wato sunan da daula ta ƙera, jikokin waɗanda aka mulka ne suka fi riƙe shi da hannu biyu, don shi ne rigar da ke da wurinsu. A ƙidayar 2021 aka sauya jerin, aka sa Birtaniya a saman takardar da aka raba a Ingila, sai masu cewa su 'yan Birtaniya ne kawai suka tashi daga kashi 19 zuwa kusan 55, masu cewa 'yan Ingila kawai suka faɗo daga kusan 58 zuwa 15. Hukumar ƙidayar da kanta ta ce sauyin jerin ne ya jawo yawancin hakan. Asalin da sauya layi a takarda ke juya shi haka, bai kafu sosai ba. A wannan ramin ne zaɓen ficewa daga Tarayyar Turai na 2016 ya faɗa, inda Ingila da Wels suka ce a fita, Sikotilan da kashi 62 ta ce a zauna, wasu 'yan siyasa kuma suka yi ta mafarkin komawa ciniki da Kwamanwel kamar Indiya da Najeriya na zaune suna jiransu. A cikinsa kuma aka ga tarzomar bazarar 2024, da aka jefi masallatai aka cinna wa masaukin 'yan gudun hijira wuta.

Har yau matsayin ɗan riƙo bai ɓace daga doka ba. Gwamnati na iya ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa in ta ga barazana ce ga tsaro, muddin ba za ta bar shi babu ƙasa ba. Haka aka yi wa Shamima Begum a 2019, haifaffiyar Landan da ta tafi wurin 'yan IS tana da shekara 15, bisa hujjar cewa tana da Bangladesh ta wajen iyaye, ƙasar da ta ce ba ta san da ita ba. Ba kare abin da ta yi nake ba. Amma hukuncin da ba ya hawa kan mai kakanni a Yorkshire ta Ingila, sai mai jijiya a wata ƙasa, ya raba 'yan ƙasa gida biyu. Duk ɗan Najeriya da ya yi rantsuwa ya karɓi fasfon nan, da 'ya'yan da ya haifa a can, suna cikin gida na biyu.

Kan batun neman gafara kuwa sun ƙware da auna kalma. A 2013 gwamnati ta biya 'yan Kenya 5,228 fam miliyan 19.9, ta ce tana matuƙar nadama, ta kuma ce ba ta ɗauki alhaki a shari'a ba. Kisan da sojojinsu suka yi a Amritsar ta Indiya a 1919 an kira shi abin kunya, Sarki Charles ya je Nairobi a 2023 ya ce yana baƙin ciki ƙwarai. Kalmar "mun yi laifi, a yafe mana" ce ba ta fita, don lauyoyi sun san bayanta akwai lissafi, kuma ƙasashen Karebiyan na riƙe da nasu lissafin a hannu. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A taron Kwamanwel na Samowa a 2024 Firaminista Starmer ya ce ba maganar kuɗi, da ƙyar aka amince a rubuta cewa lokaci ya yi da za a tattauna. Kayan tagullar Benin da aka kwasa a 1897, Jamus ta miƙa mallakar nata a 2022, wasu jami'o'i da ƙananan gidajen tarihi na Birtaniya ma sun mayar, amma babban gidan tarihin Landan mai riƙe da wajen 900 yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Kayan zinaren Asante guda 32 da aka kai Kumasi a 2024 aro aka ba mai su, na shekara uku.

Mu a nan muna cewa Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba tare da tunanin daga ina "Sa" ɗin ya fito ba. Daga lambar girma ce da Sarki Joji na Biyar ya kafa a 1917, sunanta lambar Daular Birtaniya, Sardauna ya karɓa a 1959, Tafawa Ɓalewa a 1960. Majalisar dokokin Kaduna har yau a zauren Lugga take zama. A can ma lambar na nan da sunanta, sau biyu a shekara ake fitar da jerin masu karɓa, cikinsu da nas-nas da malaman makaranta da 'yan ƙwallo jikokin Jamaika da Legas da Lahore. Wasu su ƙi karɓa saboda kalmar daula, mafi yawa su sa kayan sallah su tafi fada da iyayensu a ɗauki hoto. A 2004 wani kwamitin majalisa ya ba da shawarar a cire "daula" a sa "nagarta", tunda a Turance da harafi ɗaya suka fara, ko gajeren sunan lambar ba zai sauya ba. Gwamnati ta ce a bar shi yadda yake.